Abin da Ya Kai Baba Agra

Ba mu daɗe a Delhi ba na daina yarda da kowa. Wanda ya yi mini murmushi, sai in dafa aljihuna. Wanda ya kira ni ɗan'uwa, sai in ja Baba gefe. Ba halina ba ne. A Birnin Kebbi ni ne mai barin makulli a jikin babur a ƙofar injin shinkafar da nake aiki, in shiga salla in fito hankalina kwance. Garin mutane ne ya sauya ni.

Ciwon ƙoda ne ya kai mu. Ƙodojin Baba duka biyu sun gaza, an daɗe ana yi masa wankin ƙoda da inji a can gida, kullum yana ƙara zubewa, har likitoci suka ce sai dashe. Cikin 'ya'yansa ni ne jinina ya dace da nasa. Aka sayar da gonarmu ta fadama a Argungu, dangi suka kawo abin da ya sawwaƙa, muka taho mu biyu, shi mai karɓa, ni mai bayarwa.

Wanda ya tarbe mu wani Bahaushe ne mai suna Ɗan'asabe. Ya daɗe a can, sana'arsa ke nan yi wa marasa lafiya tafinta da jagora. Ran da muka sauka ya kawo mana tuwon shinkafa da miyar kuka a cikin kula, har sai da na ji ƙwalla ta zo mini. Daga baya na gane ɗakin da ya kama mana, maƙwabtanmu 'yan Sudan suna biyan abin da bai kai namu ba ko kusa, ga shi kuma ɗaki iri ɗaya. Na lura duk kantin maganin da ya kai mu, in mun fito sai ya ce ya manta wani abu, ya koma ciki shi kaɗai. Na daina bin shawararsa, amma ban iya korarsa ba, domin Baba na jin daɗin hira da shi. In na tafi asibiti ana ɗibar jinina ana ɗaukar hoton cikina, shi ne ke zama da Baba a ɗaki.

Su ma mutanen asibitin ba su yarda da ni ba. Akwai wani kwamiti da sai ya amince kafin a yi dashe, don kada a kawo talaka a ce ɗa ne alhali saye aka yi. Suka raba mu, suka yi mana tambayoyi iri ɗaya: sunan mahaifiyata, ɗaki nawa ne a gidanmu, wace bishiya ce a tsakar gida. Wata mata mai tabarau ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Faɗa mini gaskiya, me aka yi maka alkawari?" Na ji kaina ya yi zafi. Na ce mata ubana ne. Ta rubuta wani abu ba ta ɗago ba. Sai da gwajin jini ya fito suka sa hannu, aka ce ranar Laraba mai zuwa za a kwantar da mu.

Da yammacin Asabar, bayan mun idar da la'asar, Baba yana zaune a bakin gado da ƙafafunsa kumburarru a kan filo, ya ce, "Bashar, jibi za mu Agra."

"Ina ne Agra, Baba?"

"Inda Taj Mahal yake. Jirgin ƙasa na zuwa da safe, shi komo da marece."

Baba malamin tarihi ne. A makarantar sakandare ta Argungu ya koyar har ya yi ritaya, shi ne mai kwasar ɗalibai a bayan a-kori-kura ya kai su kufan Surame su ga ganuwar duwatsu. Tun ina yaro na san hoton farin ginin nan, yana manne a bangon ɗakinsa har ya yi ja. Duk da haka na ce masa a'a. Na tuna masa yana da wanki Talata da sassafe, kuma in jirgi ya bar mu a can, wankin ya wuce.

Ya ce, "Shekara da shekaru ina faɗa ma ɗiyan mutane labarin wurin da ban taɓa gani ba. Ga ni kusa da shi. Laraba za su shiga da ni ɗakin yanka, wa yas san ko in fito? Ka bar ni in gane shi da idona."

Na ce to bari in nemo tikiti. Ya ce an riga an samo, Ɗan'asabe ya kawo. Nan na fara jin wani abu a raina. Ɗan'asabe ba ya ɗaga ko tsinke sai da dalili. Na juya tikitin gaba da baya, na kai wa mai masaukinmu ya duba, ya ce na gaske ne. Na tambayi ma'aikaciyar jinya a wurin wanki, ta ɓata fuska, ta ce in dai dole ne mu je mu dawo a ranar, kada ya sha ruwa ya wuce ɗan goran da aka ƙayyade masa, kada ya ci ayaba, kada ya kusanci ruwan kwakwa, kada ya sha komai da ba likita ya ba shi ba.

Litinin, gari na wayewa muna tasha. Ban taɓa ganin taron mutane irin wannan ba, ko a ranar kamun kifi a Argungu. Muna neman ƙofar shiga sai wani mutum mai tsabtatacciyar riga da kati rataye a wuya ya tare mu, ya nemi ganin tikitinmu. Ya duba, ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce an soke jirgin nan, amma kada mu damu, ga ofishin baƙi can tsallaken titi, za a ba mu mota. Har na ɗauki jaka zan bi shi, sai Baba ya ja rigata ya nuna mini allon da ke sama. Ga lambar jirginmu tana haske, ga lambar dandamalin da zai tsaya. Na fizge tikitin daga hannun mutumin. Bai ko ji kunya ba, ya juya ya nufi wasu Turawa biyu.

Cikin jirgin sanyi ya yi yawa. Baba ya fara rawar ɗari, ni kuma ban taho da abin rufa ba. Wata tsohuwa da ke kujerar gefenmu, mai jan ɗigo a goshi, ta cire mayafinta mai kauri ta miƙo. Na ɗaga hannu na ce mun gode. Baba ya miƙa nasa hannun ta ƙarƙashin nawa ya karɓa. Tun daga nan ban ƙara sakin jiki ba, ina jiran in ji abin da za ta nema. Na rungume jakar da fasfo ɗinmu ke ciki, in tsohuwar ta motsa in motsa. Shi kuwa Baba ya lulluɓe ya kafa ido a taga. Gonakin shinkafa ne shimfiɗe har iyakar gani, ta nuna ta yi ruwan zinariya, mata na yanka a duƙe.

"Dubi, kamar fadamar Ambursa," in ji shi. "Sai dai su ba su barin ko taki ɗaya na ƙasa banza."

Da muka isa Agra tsohuwar ta karɓi mayafinta, ta haɗa tafukanta biyu ta ɗan sunkuya wa Baba, ta shige cikin mutane. Ko sunanmu ba ta tambaya ba.

A bakin tashar masu keke mai ƙafa uku suka yi mana caa, irin kekunan nan dai namu na Birnin Kebbi, launi ne kawai ya bambanta. Wannan ya ja jaka, wancan ya ja hannun Baba. Na zaɓi wani siriri mai jan gemu na lalle da farar hula, don shi kaɗai ne bai yi ihu ba. Ya ce sunansa Rafik. Turancinsa gutsi-gutsi ne, nawa ma ba wani mai yawa ba, amma muka daidaita: zai kai mu Taj Mahal, ya kai mu tsohuwar fada mai jan dutse, ya mayar da mu tasha kafin jirgin marece. Muna tafiya ina tunanin ko rashin ihun nasa ma dabara ce.

A inda kekuna ke tsayawa na bar Baba a zaune na tafi layin tikitin baƙi. Daga cikin layin na waiwaya. Sai na ga Baba ya sunkuyo yana yi wa Rafik magana a kunne, Rafik yana girgiza kai yana kaɗa hannu. Baba ya sake magana, har da dafa masa kafaɗa. Da na dawo duk suka yi shiru.

"Me yake ce maka, Baba?"

"Gaisawa muka yi. Musulmi na."

Na dubi Rafik, ya kau da kai. Na ƙudurta a raina cewa mutumin nan ya fara yi wa tsohona wata huɗuba, ko ta kantin duwatsun ado ko ta wani abin da ya fi haka.

Na samo kujera mai taya na tura Baba. Akwai wata babbar ƙofa ta jan dutse mai duhu a ciki, kana shiga sai farin ginin ya bayyana a gabanka gaba ɗaya, da hasumiyoyinsa huɗu, da dogon kwarmin ruwa da ya miƙe har gindinsa. Ni da ban damu da tarihi ba sai da na tsaya cak. Farinsa ba irin na fenti ba ne, kamar hasken daga cikin dutsen yake fitowa. Baba ya ce in dakata. Ya ɗaga kai yana karanta rubutun Larabcin da ya kewaye ƙofar, leɓɓansa na motsi, ya ce ayoyi ne masu zancen komawar rai ga Ubangijinsa.

Amma ba a bar mu mun sha iska ba. Masu hoto suka bi mu. Samari suka riƙa zuwa suna jera kafaɗa da ni suna ɗaukar kansu a waya ba tare da sun tambaya ba, wani har ya shafa fatar hannuna ya duba yatsunsa. Kowane ya matso, ni a wurina ɗan sane ne. Hannuna ɗaya a kan kujerar Baba, ɗaya a kan jaka. Aka ba mu wasu ledoji muka sa a kan takalma, na tallafe shi muka hau. A ciki duhu ne da amsa-kuwwa, masu gadi na busa usur suna kora mutane gaba, da ƙyar muka leƙa kaburburan biyu, na sarkin da na matar da ya yi ginin dominta, aka turo mu waje. Ta baya akwai kogi, ruwansa ya ja baya, baƙaƙen shanu masu faɗin ƙaho na kwance a ciki.

"Koginmu na Matan Fada ya fi wanga ruwa," in ji Baba. Sai ya duba agogonsa.

Wannan dubawa ita ce ta uku ko ta huɗu da na lura da ita. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana mafarkin wurin nan, ga shi a ciki, amma hankalinsa na kan agogo. Na ce mu zauna a inuwa ya huta ya more kallo. Ya ce a'a, mu tafi, rana na yi.

Tsohuwar fadar ba ta da nisa. Ganuwa ce ta jan dutse mai tsayin da sai ka riƙe hula, hanyar shiga kuma hawa ce. Kafin mu kai sama Baba yana haki, na jiƙa masa leɓe da ɗan ruwan goransa. Ya sa na kai shi wani baranda na farin dutse da ake hango Taj Mahal daga nesa, ƙarami, a gaɓar kogi. Ya ce a nan sarkin ya ƙare rayuwarsa, ɗansa na cikinsa ne ya ƙwace mulki ya tsare shi, sai dai ya riƙa hangen kabarin matarsa ta taga.

Na ce, "Allah ya kiyaye mu da irin wannan ɗa."

Baba ya ce, "Akwai ɗan da ka kulle ubanai. Akwai kuma uban da ka kai ɗanai a yanka."

"Me kake nufi, Baba?"

"Tarihi nika ba ka. Mu sauka."

Da muka koma keke na ce wa Rafik tasha, mu sami wuri kusa da ita mu yi salla mu jira jirgi. Baba ya ce a'a, akwai sauran wuri guda. Ya taɓa bayan Rafik ya ambaci sunan wata unguwa. Rafik bai ta da keken ba. Ya juyo ya ce, "Babaji, an rufe. Yau an rufe. Gobe ma an rufe. Mu je tasha, akwai shayi mai kyau."

Ina jin kalmar nan sai mutumin tashar Delhi ya faɗo mini a rai. Ban san wurin da Baba ke nufi ba, na ɗauka wani tsohon masallaci ne ko kabari, amma na riga na koyi cewa a ƙasar nan duk wanda ya ce maka an rufe, yana da inda yake son kai ka. Na daka masa tsawa. Na ce ya kai mu inda mahaifina ya ce, in ba haka ba mu sauka mu nemi wani. Ya dube ni ta madubi, kallon da ban fahimta ba a lokacin, ya ta da keke.

Muka bar manyan tituna muka shiga lunguna. Kwatoci a buɗe, birai na tafiya a kan wayoyin lantarki, awaki sanye da tsofaffin riguna. Babu alamar wani ginin tarihi. Keken ya tsaya a gaban wani gida mai koren ƙofa. A saman ƙofar akwai allo da rubutunsu, ban iya karantawa ba, amma hoton da ke jiki ba ya bukatar karatu. Ƙodoji biyu ne, an zana su jajaye. A kan benci mutane na zaune da kumburarrun ƙafafu irin na Baba, kowa da jarkar roba a hannu.

Wani mutum mai farar rigar likita da zobba a yatsu ya fito da fara'a. "Malam Umaru daga Najeriya! Ɗan'asabe ya kira, tun ɗazu muke jiranku."

Na juya na dubi Baba. Bai dube ni ba. Ya kama ƙarfen keken ya sauka da kansa, ya shige.

Ɗakin cike yake da kwalabe har rufi, warin saiwoyi da wani abu mai tsami. Mutumin ya zaunar da Baba yana zuba zance cikin Turanci mai santsi: babu yanka, babu inji, ƙodar da ta mutu za ta farka, mutane daga ƙasashe da yawa sun warke. Sharaɗi ɗaya ne, a daina wanki, domin inji na wanke maganin daga jini. Ya tsiyayo wani ruwa mai kauri, tsakanin kore da baƙi, ya cika kofin ƙarfe, ya ce a fara yanzu. Baba ya yi bisimilla ya karɓa.

Na riƙe wuyan hannunsa. Tun da nake ban taɓa riƙe mahaifina haka ba.

"Sake ni, Bashar."

"Ba zan sake ka ba, Baba. Ashe abin da ya kawo mu ke nan? Da ni da Taj Mahal duk rakiya muka yi?"

"Na so in gane shi, Allah na gani. Amma wanga shi ne dalili. Ka saurare ni. Matarka Luba na da ciki. Kai da ƙarfinka kaka ci, buhu kaka ɗauka. In sunka yanke ka wani abu yas same ka, mi za ni ce mata? Mi za ni ce ma abin da za ta haifa? Ni na ci zamanina. Tun ran da anka ce jininka ya dace ban yi barcin kirki ba. In ga ɗana kwance an tsaga shi don in ƙara 'yan shekaru? Ka bar ni in gwada wanga. In ya yi, mu koma gida da ƙodarka."

"In bai yi ba fa? In koma Argungu in ce musu me?"

"Ka ce kwana ya ƙare."

Mai farar rigar yana ta murmushi yana cewa kada a bar magani ya huce. Ban san inda tunanin ya fito mini ba. Na zare kofin daga hannun Baba na ce, "To, in magani ne, ba zai cuci mai lafiya ba. Ni zan fara. In sha rabi ka sha rabi." Na kai shi baki. Har ɗacin ya taɓa mini leɓe.

Baba ya kai wa kofin duka da bayan hannu, da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba. Kofin ya daki bango, ruwan ya fantsama a kan farar rigar mutumin. Muka tsaya muna kallon juna, yana haki.

Na ce, "Ashe kai ma ba ka yarda da shi ba, Baba."

Ya sunkuyar da kai, ya rufe fuska da tafin hannu.

Murmushin mutumin ya ɓace. Ya ce an riga an haɗa maganin wata da watanni da sunan Baba, ko mun sha ko ba mu sha ba sai mun biya. Wasu ƙarti biyu da ban lura da su ba suka tsaya a bakin ƙofa. Na duba ko akwai taga, babu. Na tuna jirgi, na tuna wankin safe.

Sai ga Rafik ya kutso tsakanin ƙartin. Mutumin da tun safe ban ji ya ɗaga murya ba ya shiga zazzaga faɗa cikin yarensu, yana nuna mai farar rigar, yana dukan ƙirjinsa, yana juyawa wajen masu jira a benci yana yi musu magana. Mutane suka fara tasowa suna leƙe, maƙwabta suka buɗe tagogi. Mai farar rigar ya yi wa ƙartin alama da ido, suka matsa. Rafik ya kama hannun Baba ɗaya, na kama ɗaya, muka fita.

Sai da muka bar lungun Rafik ya yi magana, idonsa a kan hanya. "Matata," ya ce. "Ciwo iri ɗaya. Ta bar inji, ta sha, ta sha." Ya saki hannu ɗaya ya nuna sama.

Lokaci ya riga ya ƙure. A babban titi muka tarar da ayarin biki, ango a kan farin doki da masu kakaki sun cike hanya. Rafik ya juya ya bi ta cikin wata kasuwa, yana kaucewa shanu da masu tura amalanke, gwiwata na gogar buhunan albasa. Muna isa tasha muka hango jirginmu a tsaye a ɗaya ɓangaren, sai an hau gadar sama an sauka. Baba ya taka matakala biyu ya tsaya. Na durƙusa na ce ya hau bayana. Ya hau. Na saba da buhun shinkafa, amma ban shirya wa rashin nauyinsa ba. Kamar na goya yaro.

Kafin in ankara Rafik ya fizge jakar daga kafaɗata ya ruga, ya ɓace cikin mutane. Fasfo ɗinmu, takardun asibiti, komai. Na ce shi ke nan, dama abin da yake jira ke nan tun safe. Na yi ta kiran sunansa ina hawa da Baba a baya, har da zagi, Allah ya yafe mini. Da muka sauko ɗaya ɓangaren sai na hango jan gemunsa. Yana tsaye a ƙofar taragonmu, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, ya ɗaga jakar sama don mu gan shi, yana gardama da ma'aikacin jirgi.

Ya taya ni shigar da Baba, ya rataya mini jakar a wuya. Na zaro abin da hannuna ya kama na cusa masa a aljihu. Jirgin ya motsa, ya dira ƙasa. Ina son in ce masa ya yafe mini, amma Turancin ya gudu daga kaina, sai "na gode, na gode" nake ta faɗa da Hausa. Ya dafa ƙirji ya ce, "Babaji, inji. Gobe inji." Dandamalin ya wuce da shi.

Rana na faɗuwa a kan gonakin da muka gani da safe, an tara dammunan shinkafa, hayaƙi na tashi daga ƙauyuka. Muka yi sallolin da ke kanmu a zaune. Ina jin haushin Ɗan'asabe, ina jin haushin Baba, ina jin haushin kaina da na tilasta wa mutumin kirki ya kai mu inda ya san mutuwa ce. Baba ya fara magana ba tare da ya juyo ba.

"Kada ka faɗa ma uwarka."

"Ba zan faɗa ba. Amma Ɗan'asabe ba zai ƙara taka ɗakinmu ba."

"Ni za ni gaya mashi da bakina. Ba ka jin tsoron yankan?"

"Ina ji, Baba. Sosai. Amma na fi jin tsoron in koma ni kaɗai."

Can ya ce, "Wace ƙodar za su cire?"

"Ta hagu."

Ina zaune a damansa, gefen haguna na wajensa. Ya miƙo hannu, hannun nan da allurar wanki ta huhhuda, ya ɗora tafinsa a kwiɓina, ƙasan haƙarƙari. Na ji yana karanta wani abu a hankali. Har fitilun Delhi suka bayyana bai ɗauke hannun ba.

Washegari aka yi masa wanki a kan lokaci. Laraba aka kwantar da mu, aka yi aikin, Allah ya ba da sa'a. Yanzu Baba yana Argungu, da ƙafarsa yake zuwa masallaci. Duk ran da na je gaishe shi daga Birnin Kebbi, kafin ya tambaye ni iyali sai ya ce in matso. Ya dafa kwiɓina na dama, ya ce, "Yaya take?" In ce lafiya lau. Sai ya dafa nasa cikin, inda aka dasa masa, ya ce, "To, ka gaya mata 'yar'uwarta na gaishe ta."